BANGON DA YA TSAGE: YADDA GIRKAWA SUKA CI YAƘI SUKA RASA 'YANCI

Gabatarwa

Duk mai zuwa sujada ya saba jin sunayen Filibi da Tasalonika da Atina da Koranti, domin birane ne da Manzo Bulus ya zaga. Ƙasar ta Girkawa ce, waɗanda Littafi Mai Tsarki ke kira Helenawa, kuma da harshensu ya rubuta wasiƙunsa. Amma gwamnan da aka gurfanar da shi a gabansa a Koranti, wato Galiyo, Barome ne. To, yaya aka yi mutanen da suka taɓa korar daula mafi girma a zamaninsu suka koma ƙarƙashin baƙo a cikin gidansu? Wannan ita ce tambayar da darasinmu zai amsa.

Kafin mu shiga, ɗalibi ya lura da abu ɗaya. Shekarun da za mu ambata duk kafin haihuwar Almasihu ne, kuma lissafinsu raguwa yake yi. Wato shekarar 490 ta riga 480 zuwa, 480 kuma ta riga 146 da nisa.

Ƙasar da ba ta da sarki ɗaya

Girka ta wancan zamani ba ta ƙarƙashin gwamnati guda. Birane ne ɗaruruwa a warwatse tsakanin duwatsu da tsibirai, har da gaɓar ƙasar da ake kira Turkiyya a yau. Kowane birni da dokarsa da sojojinsa. Harshensu ɗaya, gumakan da suke bauta wa ɗaya, kuma sukan haɗu duk bayan shekara huɗu a wasannin Olimfiya. Amma abin da Bagirke ya fi ƙauna shi ne birninsa ya mallaki kansa, kada wani ya ba shi umarni. Manya a cikinsu su ne Atina mai jiragen ruwa, Sifarta mai horarrun mayaƙa, Tibis, da Koranti mai kasuwa.

A gabas kuwa akwai Farisa, daular da Sairus ya kafa, wadda ta miƙe daga Masar har zuwa Kogin Indus. Biranen Girkawa na gaɓar Asiya suna biyan ta haraji. A shekarar 499 suka yi tawaye, Atina ta aika musu da jirage 20, aka kuma ƙone birnin Sardisu. Farisa ta murƙushe tawayen a 494, sa'an nan Sarki Dariyus ya juyo kan waɗanda suka taimaka.

Ƙasa da ruwa

Dariyus bai fara da takobi ba. A 491 ya aika jakadu birni birni suna neman 'yar ƙasa da ɗan ruwa, alamar cewa birnin ya yi caffa. Birane da yawa suka ba da. Marubucin tarihi Herodotus ya ba da labari cewa mutanen Atina sun jefa jakadun cikin rami, na Sifarta kuma suka jefa su cikin rijiya don su ɗebi ƙasa da ruwan da kansu. Taɓa jakada babban laifi ne ko a wurin Girkawa, saboda haka ƙofar sulhu ta rufe.

A 490 rundunar Farisa ta sauka a Maraton. Mutanen Atina da 'yan taimako daga ƙaramin birnin Filatiya, su wajen 10,000, suka fatattake ta. Bayan shekara goma ɗan Dariyus ya dawo da kansa. Shi ne Zarkisis, wanda masana da yawa ke ɗauka cewa shi ne Ahasurus na Littafin Esta. Ya jera jirage ya yi gada a kan mashigin teku, ya haye da runduna daga Asiya zuwa Turai. A mashigin Tarmofili Sarki Liyonidas na Sifarta ya tsaya da mutanensa 300 da wasu abokan yaƙi har aka kashe su. Aka ƙone Atina. Amma a wannan shekara ta 480 jiragen Girkawa suka ragargaza na Farisa a Salamis.

Nan ma Farisa ta sake gwada baki. Kwamandan da Zarkisis ya bari a Girka ya aiki sarkin Makidoniya, wanda a lokacin yana ƙarƙashin Farisa, ya je Atina da tayi mai daɗi: za a gina musu haikalansu, a ƙara musu ƙasa, su ci gaba da mulkin kansu, in dai za su rabu da Sifarta. Mutanen da birninsu ya zama toka suka ƙi. Da sun karɓa, da tarihi ya sauya. A 479 Girkawa suka gama da sojojin Farisa a Filatiya.

Suka narkar da tagulla suka yi ginshiƙi mai siffar macizai a murɗe, suka rubuta sunayen biranen da suka yi yaƙin. Ginshiƙin yana nan a Istanbul har yau, kuma sunaye 31 ne kawai a jikinsa. Daga cikin ɗaruruwan birane ke nan! Tibis ma a ɓangaren Farisa ta yi yaƙi. Duk da haka, wannan ɗan haɗin kai ya isa.

Wa ya zama ubangida

Bayan nasara, Atina ta haɗa tsibirai da biranen bakin teku cikin ƙawance don tsaron gaba. Kowa ya kawo jirage ko kuɗi, aka ajiye baitulmali a tsibirin Dilos. Da farko abin na 'yan'uwa ne. Sannu a hankali gudummawa ta koma haraji. Tsibirin Naksos ya so fita, aka kewaye shi da yaƙi har ya rusuna. A 454 aka ɗauke baitulmalin aka kai Atina.

Sifarta da Koranti suka tsorata da ƙarfin Atina, yaƙi ya ɓarke a 431, bai ƙare ba sai 404. A cikinsa ne abin da ya sami tsibirin Milos ya auku. Mutanen wannan ɗan tsibiri sun roƙi a bar su 'yan ba-ruwanmu. Jakadun Atina suka nuna musu cewa tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi babu zancen adalci. A 416 aka ci tsibirin, aka kashe mazan, aka sayar da mata da yara bayi. Girkawa ne suka yi wa Girkawa wannan.

Zinariyar Farisa

Sifarta ba ta iya cin Atina sai da jirage, jirage kuwa sai da kuɗi. Wa ke da kuɗi? Sarkin Farisa. Daga 412 Sifarta ta ƙulla yarjejeniya da gwamnoninsa, ta amince biranen Girkawa na Asiya su koma hannunsa, shi kuma ya biya matuƙan jiragenta. Da wannan kuɗi kwamanda Lisanda ya hallaka jiragen Atina a 405. Shekara ta gaba Atina ta miƙa wuya, aka rushe ganuwarta.

Sifarta ta shiga yaƙin da sunan 'yantar da Girkawa, amma mulkinta ya fi na Atina zafi. Da sarkinta Agesilawus ya kai yaƙi Asiya a 396, sai Farisa ta juya lalitarta. Ta aika zinariya zuwa Tibis da Koranti da Argos, aka tayar wa Sifarta yaƙi a gida, dole aka kira Agesilawus ya dawo. Tsabar zinariyar Farisa tana ɗauke da hoton maharbi da baka, shi ya sa aka ce Agesilawus ya yi ba'a cewa maharban sarki ne suka kore shi daga Asiya.

Ƙarshen wannan rikici shi ne sulhun 386, wanda ake kira Sulhun Sarki. Wakilan Girkawa suka taru aka karanta musu hukuncin Sarki Artashate na Biyu. Biranen Asiya da tsibirin Kubrus nasa ne. Sauran birane kowa ya zauna da 'yancinsa, wanda ya ƙi kuma sarki zai yaƙe shi. Kalmar 'yanci a nan tarko ce, domin ma'anarta ita ce kada birane su haɗu su yi ƙarfi. Abin da Zarkisis ya kasa samu da dubban mayaƙa, jikokinsa sun samu da lalita da takarda. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Faɗan bai tsaya ba. Tibis ta karya Sifarta a Lukitira a 371, ita ma ƙarfinta ya ƙare bayan yaƙin Mantiniya a 362. Manyan birane uku suka gaji, babu wanda ya yarda da wani.

Filibus na Makidoniya

A arewa akwai Makidoniya, ƙasar sarauta wadda mutanen Atina ke yi wa kallon ƙauye. Filibus na Biyu ya karɓi mulkinta a 359. Yana saurayi an ajiye shi jingina a Tibis, inda ya ga dabarun yaƙinsu, ya kuma ga yadda birane ke cin dunduniyar juna. Ya horar da sojoji masu dogayen māsu, tsawon kowanne ya kai mita biyar ko fiye. A 356 ya kama wani gari kusa da ma'adinan zinariya ya sa masa sunansa. Shi ne Filibi.

Amma Filibus ya fi dogara ga wayo. Ya yi aure har sau bakwai, yawanci don ƙulla zumunci da maƙwabta. Yakan yi wa wannan birni alkawari don ya yi shiru har ya gama da wancan. Birnin Olintus abokin ƙawancensa ne a farko, a 348 ya rushe shi. Kuma bai kutsa tsakiyar Girka da ƙarfi ba, kiransa aka yi. Da rikici ya tashi a kan haikalin Delfi, mutanen Tasaliya da na Tibis suka nemi ya taimake su a kan maƙwabtansu. Ya zo, ya yi nasara, a 346 ya sami kujera a majalisar da ke kula da haikalin.

Wani mai jawabi a Atina, Dimostinis, ya yi shekaru yana gargaɗi. Sai da wuta ta iso ƙofa Atina da Tibis suka haɗa kai, lokaci kuwa ya ƙure. Filibus ya ci su a Kaironiya a 338. A 337 ya tara birane a Koranti, ban da Sifarta da ta ƙi zuwa, aka rantse da zaman lafiya, aka naɗa shi jagoran yaƙi da Farisa. Haɗin kan da suka ƙi yi da son ransu, an ɗora musu shi da sojojin baƙo a cikin ganuwarsu.

Iskandari da Dariyus

An kashe Filibus a 336, ɗansa Iskandari ya gaje shi yana da shekara 20. Tibis ta yi tawaye, ya shafe ta a 335 don sauran su ga aya. A 334 ya haye Asiya. Abin mamaki, dubban Girkawa sojojin haya suna cikin rundunar Farisa suna yaƙar sa. Ya ci nasara a Giranikus a 334, a Issus a 333, inda ya kama iyalin Sarki Dariyus na Uku.

Dariyus ya nemi sulhu da wasiƙu. Ya yi tayin duk ƙasar da ke yamma da Kogin Yufiretis, da talanti 10,000 kuɗin fansa, da auren 'yarsa. Iskandari ya ƙi, domin a ganinsa ana ba shi rabin abin da zai iya ɗauka duka. A 331 ya karya Farisa a Gogamela. Ya mutu a Babila a 323, yana da shekara 32, bai bar magajin da ya isa mulki ba. Hafsoshinsa suka yayyaga daular. Daga baya ta tsaya a manyan masarautu uku: Makidoniya, Masar, da Suriya tare da ƙasashen gabas. Biranen Girka kuwa suka ci gaba da zama a ƙarƙashin inuwar Makidoniya, wadda ta girke sojoji a wurare uku, har da Koranti. Ana kiran wuraren nan marin ƙafar Girka.

Roma ta zo da sunan 'yanci

Yanzu sai mu duba yamma, inda Roma ta mallaki Italiya tana kokawa da Kartaj, birnin da kangonsa ke Tunisiya a yau. A 215, lokacin da Hanibal na Kartaj ke cin Romawa a ƙasarsu, Filibus na Biyar na Makidoniya ya ƙulla ƙawance da shi. Roma ba ta manta ba. Ta sami abokai a cikin Girka, wato ƙungiyar biranen Itoliya, suka riƙe mata Filibus na wasu shekaru yayin da take fama da Hanibal.

A 201 jakadun Rodusa da Birgamas suka je Roma suka kai ƙarar Filibus. Kukansu na gaskiya ne, domin yana kai wa yankinsu hari. Roma ta amsa kira. A 197 kwamandanta Filamininus ya karya Filibus a Tasaliya. A 196, a taron wasanni kusa da Koranti, mai shela ya sanar cewa Girkawa sun sami 'yanci, babu haraji, babu sojojin baƙo. Jama'a suka ɓarke da sowa har aka sa mai shelar ya maimaita. A 194 kuma Roma ta kwashe sojojinta da gaske.

Sai dai ɓangarorin biyu ba su fahimci kalmar iri ɗaya ba. A wurin Girkawa, 'yanci shi ne su yi abin da suka ga dama. A wurin Romawa, wanda ka cece shi ya zama baranka, kuma bara ba ya musu da ubangidansa. Mutanen Itoliya, da suka ga ba su sami ladan da suka zata ba, sai suka kira wani baƙon, Antiyokus na Uku na Suriya. Roma ta dawo ta kore shi daga Girka a 191, ta bi shi Asiya ta karya shi. A sulhun 188 aka ɗora masa tarar talanti 15,000, aka raba shi da giwayen yaƙinsa da yawancin jiragensa.

Daga nan ya zama al'ada, duk birnin da ya sami saɓani da maƙwabcinsa sai ya tura jakadu Majalisar Dattawan Roma. Kowace ƙara da aka kai, ikon Roma ya ƙaru.

Da'ira a kan rairayi

Shekarar 168 ce ta yaye lulluɓin. Roma ta karya Farsiyus, ɗan Filibus na Biyar, a Fidina, ta soke sarautar Makidoniya, ta raba ƙasar gida huɗu. A 167 aka washe garuruwa 70 a yankin Efirus, aka kwashi mutum 150,000 bayi. Daga Akaya, wadda abokiyar Roma ce, aka ɗebi manyan mutane 1,000 aka kai Italiya jingina, suka yi shekara 17 ba tare da shari'a ba. A cikinsu akwai Folibiyus, wanda ya rubuta tarihin yadda Roma ta mamaye duniyarsu. Ita ma Rodusa, wadda ta kira Roma, an karya kasuwarta don ta yi ƙoƙarin shiga tsakani a yaƙin.

A shekarar 168 ɗin dai, Antiyokus na Huɗu na Suriya ya kai yaƙi Masar, ya kusa kama Iskandariya. Jakadan Roma, Fofiliyus, ya tare shi da takardar majalisa cewa ya janye. Sarki ya ce zai yi shawara da fadawansa. Jakadan ya sa sandarsa ya zana da'ira kewaye da ƙafafun sarki, ya ce ya ba da amsa kafin ya fita daga ciki. Sarki mai runduna ya janye. Wannan Antiyokus shi ne ya ƙazantar da Haikalin Urushalima a 167, abin da ya jawo tawayen Makabiyawa.

Ƙarshen labarin ya zo ta hanyar da aka saba. Sifarta ta yi rigima da ƙungiyar Akaya, ta kai ƙara Roma. Roma ta ba da umarnin a cire wasu birane daga ƙungiyar, Akaya ta ƙi, aka yi yaƙi. A 146, shekarar da aka rushe Kartaj, aka ƙone Koranti, aka kashe maza, aka sayar da mata da yara. Shekara 50 ke nan daidai bayan an yi shelar 'yanci a bakin ƙofarta. Birnin ya zauna kusan kango har Yuliyus Kaisar ya sa aka sake gina shi a 44, aka zuba masa mazauna daga Roma. Wannan sabuwar Koranti ce Bulus ya tarar.

Abin da za mu koya

Idan muka duba labarin daga farko, za mu ga abu ɗaya yana maimaita kansa. Farisa ta dawo ta hannun Sifarta. Makidoniya ta shigo ta hannun Tasaliya da Tibis. Roma ta shigo ta hannun Itoliya da Rodusa da Birgamas. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma kada mu yi saurin zagin waɗanda suka kira baƙo. Mutumin da ya ga abin da aka yi wa Milos yana da dalilin tsoron ɗan'uwansa fiye da sarkin da ke nesa. Tsagewar bangon ta fara ne ranar da Atina ta mayar da abokan ƙawancenta talakawanta, ta ƙaru ranar da Sifarta ta yi irin wannan. Babba da ya danne ƙaninsa shi ya fara buɗe wa baƙo ƙofa, ƙanin kuma da ya kira baƙon yakan tarar an gudu ne ba a tsira ba.

Abu na biyu, a riƙa auna kalma da aikin mai faɗinta. Sifarta ta ce 'yanci, Artashate ya ce 'yanci, Filamininus ya ce 'yanci. Duk wanda aka miƙa wa yarjejeniya ya tambayi kansa: wa zai fassara ta idan gardama ta tashi, kuma a hannun wa sanda take?

Ya ku ɗalibai, wasunku za su zama shugabannin ƙungiyoyi, wasu na ikilisiya, wasu na gari. Ranar da ƙarfi ya zo hannunku, ku tuna da baitulmalin Dilos. Ranar da kuma aka ɓata muku rai har kuka yi tunanin kiran na waje ya rama muku, ku tuna da Koranti.

Tambayoyi don nazari

1. Me ya sa ƙin tayin Farisa da Atina ta yi kafin yaƙin Filatiya ya zama muhimmi?
2. Bayyana yadda Sulhun Sarki na 386 ya amfani Farisa.
3. Kawo hanyoyi uku da Filibus na Biyu ya bi wajen faɗaɗa ikonsa ban da yaƙi.
4. Mene ne bambancin ma'anar 'yanci a wurin Girkawa da a wurin Romawa?
5. Da kai ne jakadan Rodusa a 201, wace shawara za ka ba birninka, kuma don me?